Magungunan Rage Maiƙon Jini: Tambayoyin da Aka Fi Yi a Kano da Amsoshinsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa a bakin masu riƙe da takardar gwajin jini, ko a layin ganin likita ko a gaban kantar mai sayar da magani. Wasu don kansu suke tambaya, wasu don iyaye ko maigida. An fara da masu sauƙi, kuma kowace amsa za a iya karanta ta ita kaɗai. Sai dai likitan da ya duba ka, ya san hawan jininka da halin da ƙodarka take ciki, shi ke da maganar ƙarshe a kan abin da za ka sha.

1. An ce ina da kolestarol a jini. Mene ne shi, kuma ta ina ya shige ni?

Da shi aka haife ka. Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi ake haɗa ruwan maɗaciya mai narkar da abinci, da sinadaran da ke bambanta namiji da mace, har da bitamin D. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta. Wanda ke shigowa ta baki kaso ne ƙarami. Matsala tana farawa ne idan ya yi yawa.

Maiƙo ba ya gauraya da ruwa, shi ya sa jini ke ɗaukar sa cikin wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe. Wanda ake rubutawa LDL shi ke kai kolestarol sassan jiki, kuma shi ne mai maƙalewa a bangon jijiya idan ya yi yawa. HDL kuwa kwaso shi yake yi ya mayar hanta. Akwai kuma wani nau'in maiƙon da ake rubutawa TG, wato tiraigilisaraid, wanda labarinsa dabam ne (duba tambaya ta 15). Kusan duk maganar magani a kan LDL take.

2. Lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Me zai sa in ɗora wa kaina shan magani?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma duk sauran amsoshin a kanta suka dogara. Hauhawar kolestarol ba ta sa ciwon kai, ba ta sa jiri, ba ta sa kasala. Shekara da shekaru yake yi yana taruwa a cikin bangon jijiya, hanyar jini tana ƙuntata a hankali, kamar yadda kwatar unguwa ke cika da yashi da leda duk rani ba wanda ya kula sai ranar da aka yi ruwan farko. Ranar da wannan tarin ya tsage, jini sai ya daskare a kansa ya toshe hanyar gaba ɗaya. In a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Da wuya ka sami unguwa a Kano da ba a san gidan da ake jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba: magidanci mai kasuwancinsa, yau an wayi gari sai an ɗaga shi an kwantar. Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana har da Kano aka kuma wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan larura, sai matsalar maiƙon jini ta biyo baya.

Saboda haka ba don ka ji sauƙi ake ba ka maganin ba, don babu ciwon da za ka ji ya tafi. Ana ba ka ne don rage yiwuwar zuwan waccan ranar. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mutane sun nuna duk lokacin da aka sauke LDL da 1 mmol/L (ma'aunin takardar gwaji, duba tambaya ta 3), haɗarin bugun zuciya da toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

3. Yaya zan karanta takardar gwajin? Tawa an rubuta 5.8, ta abokina kuma 210.

Ku duba 'yan haruffan da ke gefen lambar. Ɗakunan gwaji a Kano ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba: wasu mmol/L, wasu mg/dL. Ga kolestarol, 1 mmol/L daidai yake da kusan 39 mg/dL. Wato 5.8 ɗinka ya kai wajen 224, ka ma ɗara abokin naka.

Abin da aka saba nema ga mai lafiya shi ne jimillar kolestarol ƙasa da 5.2 mmol/L, wato 200 mg/dL. LDL ƙasa da 2.6, wato 100. TG ƙasa da 1.7, wato 150. HDL kuwa ana so ya haura 1.0 ga namiji, ya ɗan fi haka ga mace. Amma kada ka tsaya a kan iyakar da aka buga a takardar. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ana so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 1.8, ƙa'idar likitocin Turai ma ƙasa da 1.4 take nema. Lambar da ta yi wa wani daidai tana iya yi maka yawa. Idan za a auna TG, yawanci akan ce ka zo da safe ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, amma ruwa ba laifi.

4. Duk wanda nasa ya hau dole ne ya sha magani?

A'a. Likita ba lambar kaɗai yake kallo ba, mutumin yake kallo gaba ɗaya: shekarunsa, hawan jini, ciwon suga, shan taba, ciwon ƙoda, da tarihin gidansu. Matashi ɗan shekara 30 da nasa ya ɗan haura, ba shi da wata larura, akan ba shi wasu watanni ya gyara cimarsa a sake aunawa.

Waɗanda ba a cika jira a kansu ba su ne: wanda ya riga ya sami bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya, ko toshewar jijiyoyin ƙafa, mai ciwon suga da ya kai shekara 40, mai ciwon ƙoda da ya daɗe, da wanda LDL ɗinsa ya kai 4.9 mmol/L ko 190 mg/dL. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa mai ciwon suga maganin kolestarol alhali takardarsa ba ta nuna hauhawa ba. Ba kuskure aka yi ba. Suga yana raunana bangon jijiya, ta yadda ko madaidaicin LDL kan yi ɓarna. Kafin a fara magani kuma likita kan duba ko wata cuta ce ta ɗaga shi, kamar raunin aikin maƙoƙo ko ƙodar da ke zubar da furotin a fitsari, don maganin waccan shi ne na farko.

5. Ni siriri ne, ba tumbi, ba na cin maiƙo sosai. Anya ba a yi kuskure a gwajin ba?

Ana iya maimaita gwajin don a tabbatar, amma rama ba ta kare mutum. Tunda jiki ne ke ƙera mafi yawansa, gado yana da babban tasiri. Kusan mutum 1 cikin 250 ana haifar sa da hantar da ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata. Irin waɗannan tun suna yara nasu yake sama, wasu har ƙulli kan fito musu a jijiyar dunduniya ko bayan yatsu. Idan a gidanku an sha yin mutuwar fuju'a ko ciwon zuciya tun mutum bai kai 55 ba, faɗa wa likita, kuma a auna 'yan'uwanka da 'ya'yanka. A dangin da ake yawan auren zumunci wannan ya ƙara zama wajibi, domin yaron da ya gaji larurar ta ɓangaren uwa da uba tana zo masa da tsanani tun yana ƙarami.

6. Mene ne statin da kullum ake ambata?

Shi ne rukunin magungunan da ake farawa da su, kuma sunayensu duk da "statin" suke ƙarewa: atorvastatin, rosuvastatin, simvastatin, pravastatin. Biyun farko su aka fi rubutawa a asibitocinmu. Aikinsu a hanta yake. Suna rage wa injin da ke ƙera kolestarol gudu, ita kuma hanta da ta ga nata ya ragu sai ta shiga janyo LDL daga cikin jini.

Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano na farkonsu a shekarun 1970, daga wani nau'in funfuna. An fara sayar da lovastatin a Amurka a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444, inda simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100. Na kawo wannan ne don masu tsoron cewa sabon abu ne ake gwadawa a kanmu. Magani ne da ya haura shekara talatin a hannun miliyoyin mutane, an san amfaninsa an kuma san illarsa.

7. Maƙwabcina 10 yake sha, ni an rubuta mini 40. Ciwona ya fi nasa tsanani ke nan?

Ba lalle ba ne, kuma lambobin ba sa kwatantuwa in maganin ba iri ɗaya ba ne. Rosuvastatin 10 mg ya fi simvastatin 40 mg ƙarfi. Abin da ake kira mai ƙarfi shi ne atorvastatin 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40, waɗanda ke raba LDL biyu ko fiye. Matsakaita kuma suna rage kashi 30 zuwa 49 cikin 100. Ana zaɓa ne gwargwadon haɗarin da aka bayyana a tambaya ta 4.

Wani abin sani: ninka ƙwayar ba ya ninka aikin. Tashi daga 20 zuwa 40 ƙarin ragin kusan kashi 6 cikin 100 kawai yake bayarwa, alhali yiwuwar illa tana ƙaruwa. Don haka kada ka ƙara wa kanka, kada kuma ka ari na maƙwabci in naka ya ƙare.

8. Da dare ake sha ko da safe? In na manta fa?

Simvastatin da dare ake sha, domin ba ya daɗewa a jini, hanta kuma da dare ta fi ƙera kolestarol. Atorvastatin da rosuvastatin suna daɗewa, kowane lokaci ya yi, da abinci ko babu. Abin da ya fi shi ne ka ɗaura shi da abin da ba ka fashinsa, kamar bayan sallar isha'i. In ka manta ka tuna bayan 'yan awowi, ka sha. In lokacin na gobe ya matso, ka bar wanda ya wuce, kada ka haɗa biyu.

9. Yaya zan yi da azumi?

Sau ɗaya ake shan sa a yini, don haka babu wahala: bayan buɗa-baki ko bayan an sauko daga tarawihi. Inda aka fi samun matsala shi ne a faranti, don soye-soyen shan ruwa na wata guda kan ɗaga TG, musamman ga mai ciwon suga. Mai tafiya Umara ko Hajji ya ɗebi wanda zai ishe shi har ya dawo, a cikin kwalinsa na asali.

10. Na sha wata uku, gwaji ya dawo daidai. Zan iya dainawa?

A nan ne mafi yawan mutane suke zamewa, kuma abin yana da ciwo, don sukan daina ne daidai lokacin da maganin ya fara yi musu aiki. Lambar ta sauka ne saboda kana sha. Hantar da ta saba ƙera shi da yawa ba ta canza hali ba, an dai riƙe ta ne. Ka ajiye ƙwayar, cikin 'yan makonni LDL zai koma inda yake, kariyar kuma ta tafi. Ba irin maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama.

Ga wanda ya riga ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon suga, da mai na gado, shan na dindindin ne. Wanda kuwa haɗarinsa kaɗan ne, ya rage ƙiba ya gyara abinci sosai, likita na iya rage masa ko ya dakatar ya sake aunawa. Likita ne zai yanke wannan bayan gwaji, ba jin daɗin jiki ba. Akan sake gwajin farko mako 4 zuwa 12 bayan farawa ko canza ƙarfin ƙwayar, daga nan kuma sau ɗaya ko biyu a shekara.

Wasu kan ce ba sa so jikinsu ya "saba" da magani. Statin ba ya sa maye, ba ya kama jiki, kuma ƙarfinsa ba ya dusashewa don an daɗe ana sha.

11. Tun da na fara sha nake jin ciwon jiki. Maganin ne?

Yana iya yiwuwa, don ciwon tsoka shi ne ƙorafin da aka fi yi. Irin na statin yakan kama manyan tsokoki na ɓangarorin biyu, cinyoyi ko ƙwauri ko kafaɗu, cikin makonnin farko. Ciwon gwiwa ɗaya ko na ƙugu da ka daɗe da shi da wuya ya zama shi ne. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwajen da mai sha bai san ko ainihin maganin aka ba shi ko ƙwayar banza ba, ya gano sama da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da aka yi ƙorafi a kai ba statin ne ya jawo shi ba. Wannan ba ya nufin ƙarya kake yi. Ciwon gaskiya ne, tushensa ne ake buƙatar a nemo.

Abin yi shi ne ka koma asibiti, kada ka jefa maganin a lokar gado ka yi shiru. Likita na iya dakatar da shi mako biyu zuwa huɗu a ga ko ciwon zai tafi, sannan a dawo da ƙaramin ƙarfi, ko a canza zuwa wani statin, ko a ba ka rosuvastatin kwana ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan mutane ana samun wanda ya karɓe su.

Akwai wanda ba a jira a kansa: ciwon tsoka mai tsanani, da raunin da tashi daga tabarma ke gagara, da fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan alamar narkewar tsoka ce, tana iya taɓa ƙoda. Ba kasafai take faruwa ba, amma in ka gan ta ka daina shan maganin ka tafi asibiti a ranar.

12. An ce yana lalata hanta da ƙoda, yana jawo ciwon suga, har yana rage wa namiji ƙarfi.

Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Hanta: akan auna ta kafin a fara, kuma ga wasu 'yan kaɗan lambar gwajin kan ɗan ɗaga, sai ta ninka iyakar sau uku ake tunanin canji. Mummunar illa ga hanta abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Tunda ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, in kana da shi ka faɗa. Wanda hantarsa ke aiki lafiya yawanci yana iya sha, amma mai shawara ko kumburin ciki sai an tsaya an duba. Ƙoda: statin ba ya cinye ta, masu ciwon ƙoda ma suna cikin waɗanda ake rubuta wa. Sai dai in ta yi rauni sosai ana rage rosuvastatin, atorvastatin kuwa ba ya buƙatar ragi.

Maganar suga akwai ƙamshin gaskiya. Yana ɗan ɗaga suga, kuma wanda dama yake bakin kamuwa yana iya tsallakawa da ɗan wuri. Amma in aka auna wannan da shanyewar jikin da ake karewa, amfanin ya rinjaya nesa ba kusa ba. Batun iyali kuwa, maza da yawa kunya ke hana su tambaya, sai su daina shan maganin a ɓoye. Babu hujjar cewa statin na kashe ƙarfin namiji. Sau da yawa ma raunin alama ce ta cewa ƙananan jijiyoyin jini sun fara ƙuntata, wato cutar da ake yaƙa ce take nuna kanta. Faɗa wa likita, ba sabon zance ba ne a wurinsa, kuma ya fi ka je ka sayi maganin ƙarfin maza na bakin titi.

13. Ina shan maganin hawan jini da wasu. Za su haɗu lafiya?

Yawancinsu suna haɗuwa. Wanda ya kamata a sani shi ne amlodipine, da kusan kowane mai hawan jini ya san shi: in ana shan sa tare da simvastatin, kada simvastatin ya wuce 20 mg. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin da erythromycin, da na funfuna irin ketoconazole da itraconazole, suna sa simvastatin da atorvastatin su taru a jini, haɗarin da aka faɗa a tambaya ta 11 ya ƙaru. Clarithromycin yana cikin haɗin da ake bai wa masu gyambon ciki, don haka kada ka karɓi "na olsa" a kemis ba tare da ka ce kana shan statin ba. Wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki masu ɗauke da ritonavir ba sa haɗuwa da simvastatin sam. Rifampicin na tarin fuka kuma rage wa statin ƙarfi yake yi. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ana ƙara sa ido a kan gwajin jininsa. A 'ya'yan itace, garehul ne ake gujewa, lemon zaƙi ba ya ciki.

Aspirin ba madadin statin ba ne. Shi daskarewar jini yake hanawa, ba ya taɓa kolestarol, kuma ba a shan sa kullum sai da umarnin likita.

14. Ina shan maganin, sai ga shi na sami juna biyu. Me zan yi?

Ki dakatar da shi ki ga likita ko ki faɗa a wurin awo. Kada hankalinki ya tashi don kin sha a makonnin farko kafin ki sani. Ƙa'ida dai ita ce ba a shan statin lokacin goyon ciki da shayarwa, sai ga wasu 'yan kaɗan masu babban haɗari da ƙwararren likita ke kula da su. Mai shirin ɗaukar ciki ta yi maganar da likita tun kafin a kai ga haka.

15. Ni TG ɗina ne ya hau, LDL bai yi yawa ba. Magani ɗaya ne?

Ba lalle ba. TG ya fi jin abinci, kuma ba kitse kaɗai ke ɗaga shi ba. Siga ne babban mai laifi: lemon kwalba, shayi mai kauri da cokali uku na siga, zoɓo da kunun aya da aka cika wa zaƙi, tulin farar shinkafa, da barasa. Ciwon sugan da ba a shawo kansa ba shi ma yana cilla shi sama, kuma da an daidaita sugan yakan sauko. Idan ya kai 5.6 mmol/L, wato 500 mg/dL, ana fargabar kumburin saifar suga (pancreas, gaɓar da ke daidaita suga a jini) mai sa matsanancin ciwon ciki, a nan ne ake ba da fenofibrate. Ɗan'uwansa gemfibrozil ba a so a haɗa shi da statin saboda illar tsoka. Ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa ba sa rage LDL, kada a saye su da wannan niyya.

16. Ina sha kullum amma LDL bai sauka yadda ake so ba. Sai me?

Da farko a tabbatar ana shan sa kullum ɗin da gaske, kuma maganin na ƙwarai ne (duba tambaya ta 19). In haka ne, abin da ake ƙarawa shi ne ezetimibe 10 mg, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol, yana ƙara ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Akwai ƙwayar da aka haɗa shi da statin wuri guda. Sama da wannan akwai allurai irin evolocumab da alirocumab, da aka fara amfani da su a 2015, ana yi duk mako biyu ko duk wata, da inclisiran da ake yi sau biyu a shekara. Suna da ƙarfi ƙwarai, amma tsadarsu da buƙatar ajiye wasunsu a firji sun sa ba su zama na kowa ba a nan. Mai buƙatar irin wannan mataki a tura shi asibitin da ke da likitocin zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

17. Tafarnuwa, zogale, habbatus sauda, ko ƙaho ba za su wadatar ba?

Zogale abinci ne mai kyau, a ci kwaɗonsa a sa a miya. Tafarnuwa an gwada ta, wani lokaci a ga ɗan ragi wani lokaci ba a gani ba, kuma yawanta na ƙara zubar jini ga mai shan aspirin ko warfarin. Mai amfani da habbatus sauda ko mai yin ƙaho ba wanda zai hana shi, amma babu ɗayansu da aka nuna yana raba LDL biyu ko yana hana shanyewar ɓarin jiki, kuma abin da ya taru a cikin bangon jijiya ba ya fita ta fata. Kada a ajiye maganin asibiti dominsu.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne jiƙe-jiƙen jarka da ake tallatawa da lasifika a bayan mota, a ce kwalba ɗaya tana wanke jini, tana narkar da kitse, tana maganin basir da sanyi da suga. Ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadi ba, kuma hanta da ƙoda ne ke biyan bashin.

18. Tunda ina shan magani, zan iya cin tsire da man shanu yadda na ga dama?

Maganin yana aikinsa, amma kada ka sa shi yana ɗiba kana zubawa. Abubuwan da suka fi ɗaga LDL su ne kitsen nama, man shanu, fatar kaza, ƙwaƙwalwa da kayan ciki, da man da aka soya fanke ko awara da shi har ya yi baƙi ana ta maimaitawa. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, a rage hannu. In ka je wurin mai nama ka ce a yanka maka jan nama, a bar kitsen da ake jerawa tsakanin yanka. Ba haramta maka aka yi ba, na kullum ne ake so ya koma na jefi-jefi.

Abincinmu na gida yana da masu taimako: wake, ɗanwake, alkama, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, kuɓewa, kuka, rama, kifi, da gyaɗa daidai misali. Ƙwai ɗaya a rana ba matsala ba ne ga yawancin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar, bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Mai shan taba ko shisha kuwa, barin ta ya fi duk wani gyaran abinci amfani.

19. Maganin ya yi tsada. Mai araha yana aiki? A ina zan saya?

Lipitor da Crestor sunayen kasuwa ne da kamfanoni suka raɗa wa magungunansu. Ainihin maganin da ke ciki shi ne atorvastatin da rosuvastatin, kuma kamfanoni da yawa suna yin su yanzu a farashi mai sauƙi. Mai rajista daga cikinsu aikinsa ɗaya ne da mai tsadar. Nemi ainihin sunan maganin da ƙarfinsa, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, ka saya a kantin magani mai rajista ko na asibiti. In za a yanka maka na kwana goma da almakashi, ka duba kada ɓangaren da aka ba ka ya zama ba suna ba kwanan wata, don a gida za a iya rikita shi da na hawan jini. Ma'aikacin da ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko inshorar lafiya ta tarayya ya tambaya ko maganin yana cikin jerin da ake bayarwa.

In kuɗi sun yi wuya, faɗa wa likita gaskiya. Ya canza maka zuwa wanda za ka iya saye duk wata ya fi ka riƙa shan mai tsada mako biyu kana fashin wata biyu. A ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa, ƙasa da digiri 30. A zafin Afrilu da Mayu, aljihun mota ko kan taga na iya lalata ƙwayar tun kwananta bai ƙare ba.

20. Hajiyarmu ta haura shekara 75, kuma ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Ta ci gaba da sha? Me za mu riƙa lura da shi?

In toshewar jijiya ce ta jawo mata, tsufa ba dalilin dainawa ba ne, don wanda ya taɓa samu shi ya fi kusa da sake samu. Likita na iya rage ƙarfin ƙwayar saboda ƙoda ko yawan magungunan da take sha. In kuwa fashewar jijiya ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, hukuncin dabam ne, kuma hoton kai ne ke bambance su. Ku sa mutum ɗaya a gidan ya riƙe ragamar ba ta magani, don in kowa na bayarwa wata rana a ninka, wata rana a manta. Hawan jininta kuma shi ne abin aunawa a kai a kai.

Idan kuka ga bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta kama ƙirji tana gumi da haki, ku kai ta sashen gaggawa nan take, ku kuma riƙe lokacin da abin ya fara don za a tambaye ku. Kada a ɗura mata ruwa ko zuma ko rubutu, domin haɗiya na iya gagara abin ya faɗa huhu. Ku tafi da duk kwalayen magungunanta a leda ɗaya, har da na gargajiya in tana sha, tare da takardar gwajinta ta ƙarshe.